Ambulan Mai Shatin Shuni

Shekara tara ina kula da takardu a wani kamfanin jigilar kaya a Port Saeed, can ƙasar Larabawa, ban taɓa bari ko guda ta salwanta a hannuna ba. Wadda ta kuɓuce mini ba ta ofis ba ce, kuma har yau ban huce ba.

A wani lungu na unguwar Naif akwai wani dattijo mai sayar da tsofaffin kan sarki. Wata Asabar da hantsi ina duba kwalinsa, sai na ci karo da ambulan ta zamanin Turawa: hoton sarkin Ingila, hatimin gidan wayar Kano, adireshin Jidda da boko da ajami. Ba a taɓa buɗe ta ba. A bayanta, daidai inda aka liƙe, akwai shatin babban yatsa na shuni.

Gidanmu gidan marina ne. Kakana ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Kakata ba ta iya rubutu ba, sai ta riƙa sa a rubuta mata wasiƙa, ita kuma ta dangwala yatsa da shuni don mijinta ya shaida daga gare ta ne. Ta rasu ba mu san abin da take faɗa masa ba. Sunan da ke kan ambulan irin nasa ne, amma masu sunan suna da yawa a Kano. Takardar ciki kaɗai za ta raba gardama.

Na ce, “Alhaji, wannan nake so.”

Ya ce, “Halas, shi ke nan, habibi. Je ka yi azahar, kafin ka dawo na gyara maka.”

Na ɗauka a leda zai saka ta. Da na dawo, sai ya miƙo mini kan sarkin shi kaɗai, yana murmushin wanda ya yi alheri. Ashe al'adarsa ce ya jiƙa ambulan a ruwan ɗumi har kan sarki ya ɓanɓaro.

Na ce, “Ina wasiƙar? Wa ya ba ka izini?”

Ya nuna kwano. “Takarda kowa na da ita, malam. Wannan ake nema.”

Ruwan ya yi shuɗi fiye da abin da yatsa guda zai rina. Na tsoma hannu na tsamo takardar. Tawadar ta narke, ko harafi bai saura ba.

Na wanke hannu da sabulu tas. Ranar Litinin na liƙe wata ambulan ta ofis, na juya ta, sai ga shatin yatsa na shuni a bakinta. Na ɗora yatsana a kai. Nawa ya fi shi girma.