Ƙugiyar Malam Malachi

Loretta Ɗanjuma ta tashi a gidan da ba a wasa da harafi. Mahaifinta, Malam Malachi, mutumin Wusasa ne da ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da Hausa a Tudun Wada. In ɗalibi ya rubuta kafa a maimakon ƙafa, sai ya tambaye shi da me zai taka ya koma gida. Amma shi kansa, duk takardunsa na gwamnati Danjuma suke cewa, ba ƙugiya, abin kuwa ya daɗe yana ci masa rai.

Loretta ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a wani ɗakin gwajin jini a Nassarawa GRA, tana kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen marasa lafiya da sakamakonsu. Kwatsam sabar ta tsiri faɗuwa, kullum wajen azahar. Mutane na zaune da auduga a hannu, sai komai ya tsaya cak.

Da ta bi diddigi, ta rasa dariya za ta yi ko faɗa. Ashe ɓaraka ce a manhajar: duk wanda ya sa harafi mai ƙugiya a gurbin suna, sabar sai ta kife. Imran, akawun da ke karɓar mutane, shi ya gano haka bisa kuskure. Tun daga ranar, in yunwa ta taso masa, sai ya danna Ɗ ɗaya ya tafi cin gurasa.

Mai wurin, Alhaji Maharazu, ya wanke Imran tas, sannan ya ce a toshe haruffan gaba ɗaya kowa ya huta. Loretta ta ce ɓarakar za ta toshe, ba haruffan ba.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ko wannan daɗe da na ce maka, in an cire ƙugiyar, ta tashi daga addu'a."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce ta yi yadda take so, amma in sabar ta sake faɗuwa, ta nemi wani aikin. Duk da haka ba ta janye ba. Ta gwada gyaran a wata tsohuwar kwamfuta har ta gamsu, ta ɗora shi, sannan ta zaunar da Imran ta ce ya kayar da sabar in ya isa. Ya yi ta danne-danne har la'asar, ko gezau.

Bayan damina Malam Malachi ya zo gwajin sikari. Da aka miƙa masa takardarsa, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan harafin farko na Ɗanjuma, sunan mahaifinsa, ya daɗe bai ɗaga ba.

"Wa ya koya wa na'urar nan Hausa?"

Imran ya nuna masa 'yarsa. Loretta ba ta taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Tsohon ya sa takardar a aljihun gaba, bai ko tambayi nawa sikarin ya kai ba.