Kwana Goma Sha Bakwai da Na Ƙara a Ingila

Ni matar manomi ce a Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari. Lokacin da abin nan ya faru ba a daɗe da canza fam zuwa naira ba, kuɗin mai ya shigo, gwamnati na ta tura yara karatu waje. Ni kuwa ban taɓa wuce Funtuwa ba. Ilimina na ajin yaƙi da jahilci ne, rani biyu na yi, ina karanta wasiƙa ina gane lambobi. Na faɗi haka don kada mai karatu ya yi mini uzurin rashin sani. Da sanina na yi abin da na yi.

Ɗana na fari yana cikin waɗanda aka tura Ingila karatun aikin gona. Ya tafi da matarsa, ɗiyar ƙanena, wadda uwarta ta rasu tun tana ƙarama, a ɗakina ta girma. Da cikinta ya tsufa ya rubuto wa Malam, mai gidana, yana roƙon a bar ni in je in yi mata wankan jego. Malam ya amince, amma ya ce in tuna ba garin Mairuwa na kusa da mu za ni ba, inda baƙo ke zama har sai ya gaji don kansa. Aka yi mini fasfo da biza ta ziyara, na ƙulle kanwa da garin kunu da yaji da daddawa, na hau jirgi a Kano. Da muka sauka, ma'aikacinsu ya buga mini hatimin wata biyu. An yi zaton haihuwa saura mako biyu, lissafi ya yi daidai. Sai Allah ya yi ikonsa, ba ta sauka ba sai da na yi wata guda da mako ɗaya. Aka samu ɗa namiji.

Bayan suna na ɗauko fasfon, na gwada ranar da ke cikin hatimin da kalandar bango. Na ƙirga sau uku. Ranar tafiyata za ta zo maijego na da kwana ashirin da uku. Na yi tunanin abin da matan garinmu za su ce, wai na bar marainiya da ɗanyen jiki a ƙasar sanyi. In na gaya mata, hankalinta zai tashi, ina tsoron nono ya ɗauke. Shi kuma ɗana ba ma magana. Ba faɗa muka yi ba, kunyar ɗan fari ce. Ban taɓa kiran sunansa ba, in ya shigo gaisuwa bango nake kallo. A gidan nan mai ɗaki biyu duk saƙo ta bakin matarsa yake bi, har tana mini tsiya wai mun mai da ita gidan waya ba albashi. Sai na naɗe fasfon cikin tsohon zane, na tura ƙasan akwati. Na ce wa raina ƙasa mai girma haka ba za ta zauna ƙirga kwanakin tsohuwa ba. Ɗana kuma jarrabawa ta sha masa kai, yana zaton wata shida aka ba ni kamar yadda aka ba uwar abokinsa.

Muka yi wankanmu safe da yamma da ruwan famfo mai zafi, ba itace ba ganye, tana shan kunun kanwa, ta yi jawur. Ranar arba'in ɗana ya aiko ta karɓar fasfo zai je ya tsayar da ranar jirgi. Ba a jima ba na ji ya durƙusa a bakin ƙofa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce wa matarsa ta gaya wa Inna kwana goma sha bakwai sun wuce. Ya ce da an sani kafin ranar ta cika, wasiƙa ɗaya da takardar likita sun isa a nemi ƙari. Yanzu ana iya hana ni shigowa har abada, kuma shi da ya tsaya mini, tasa takardar zaman na iya samun matsala, ga karatu saura shekara biyu. Ya ce laifinsa ne da bai duba ba.

Wannan kalmar ce ta kasa wuce mini. Na juyo na dube shi, abin da ban yi ba tun yana goye. Na ce masa ba laifinsa ba ne, na karanta, na gane, na ɓoye. Na ce ya kai ni wurin hukumar in faɗa da bakina.

A ofishin shi ne tafinta, dole na riƙa kallonsa ina magana. Wata mata mai furfura ta saurare mu. Ta tambayi dalilin kwana arba'in, na yi bayani, na kuma ce ɗana bai sani ba. Ta ce al'adar ba laifi ba ce, shirun ne laifi. Ta ba ni mako guda in fita, ta rubuta wani abu cikin fasfon, ta ce duk ranar da na sake neman biza sai na amsa tambaya a kansa. Takardar ɗana ba a taɓa ta ba. A hanyar komawa cikin bas ya ce ashe haka muryar Inna take in ba ta bi ta gidan waya ba. Na ja mayafi na rufe fuska, amma na yi dariya.

Da aka zo haihuwa ta biyu na sake nema. An tambaye ni, na faɗi gaskiya, aka jinkirta, daga baya aka ba ni. Ranar da na sauka, tun ban kwance kaya ba na miƙa wa ɗana fasfon hannu da hannu, muka zagaye ranar a kalanda.

'Yan uwana iyaye da kakanni da 'ya'yanku ke kira waje, jego yana da kwanakinsa, hatimi ma yana da nasa, kuma ba ya jiran arba'in. Ku sa a karanta muku ranar, in ba za ta isa ba ku faɗa tun da sauran lokaci. Kunya ado ce, har gobe ban kiran sunan ɗana. Amma na kusa sa shi ya dawo gida ba takardar da ya je nema, don na kasa buɗe baki in ce masa duba nan.