Sunan Baffa a Ƙarƙashin Nawa

Wata biyu ke nan da abin ya wuce, amma har yanzu in na ji an buga hatimi a kan tebur sai abin ya dawo mani sabo. Ban taɓa shiga biron hukuma ni kaɗai ba kafin bana. Ko katin ɗan ƙasa, Baba ne ya raka ni na yi.

Baba magini ne a Maijirgi tun ban san kaina ba. Tare suke aiki da yayansa, wanda muke ce wa Baffa, da wasu mutum uku da suka daɗe da su. Baba ke karɓo aiki, Baffa ke riƙe igiya da ma'auni, kuma ba a aza bulo ɗaya sai ya duba ya gyaɗa kai. Bayan an gama yankan gero, Baba ya faɗi a bakin masallaci. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace.

A lokacin ma'aikatar magajin gari ta riga ta yi masa alkawarin wani aiki, azuzuwa biyu a wani ƙauye inda yara ke karatu cikin rumfar kara. Sharaɗinsu shi ne sai kamfani mai takardu. Da aka yi maganar a gabansa, Baba ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni. Ni ce na yi kwaleji har na samu takardar shaidar birebe, ni ce nake rubuta masa ƙiyasin siminti da ƙarfe tun ina aji uku. Haka aka buɗe kamfani da sunana. Takardar kasuwanci ta fito, lambar haraji ta fito. Saura abu ɗaya: in yi rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata, domin a riƙa cire harajin albashi kowane wata. Sakataren magajin gari ya ce in kawo wannan takarda ranar Alhamis, in ba haka ba za su ba wani ɗan kwangila daga Maraɗi, don an riga an koma makaranta.

Ranar Litinin na shiga mota zuwa Tasawa. A biron lanho, wato na haraji, aka ba ni takardar cikewa, na fita na zauna a benci ƙarƙashin itacen bedi na ɗora ta a cinyata. A sama akwai wani babban gurbi na mai ɗaukar ma'aikata. A ƙasa layuka ne na ma'aikata. Na karanta, na kuma gane faransancin sarai, ba wai ban gane ba. Amma da na zo rubuta sunana a sama, alhali na Baffa zai zo a ƙasa, sai hannuna ya ƙi. A gidanmu ko gaisuwa aka aiko, da Baffa ake farawa. Ko naman layya ake rabo, nasa ake fara cirewa. Sai na rubuta sunansa a babban gurbin, na jera sauran ukun bisa shekarunsu, na sa nawa can ƙarshe. Har wani daɗi na ji, na ce na yi abin da ya dace.

Matar da ke karɓar takardu za ta yi sa'ar Innata, da tabarau a kan hanci. Ta duba takardar, ta duba lambar harajina, ta sake duba takardar.

"Wane ne wanga na sama?"

"Baffana ne, Madam."

"Kamfanin nashi ne?"

"A'a, nawa ne."

"To ke kina ina?"

Na nuna mata layin ƙarshe. Ta cire tabarau ta yi dariya har ta dafa ƙirji.

"Ke ɗiyar nan! Kin ɗauki kanki aiki a kamfaninki, kuma kin sa kanki bayan mai kwaɓa siminti?"

Sai ta daina dariya. Ta ce, "Kin san sunan wanga abu in na buga mashi hatimi? Fausse déclaration. Kin rubuta wa hukuma abin da ba haka yake ba, kin kuma sa hannu."

Ban san lokacin da na riƙe bakin teburin ba. Na ga kaina a hannun jandarma, na ga Baba kwance ba mai gaya masa inda nake. Hawaye suka zubo, ban iya tsayar da su ba, ga mutane a bayana suna jira.

"Haba, zauna," in ji ta. "Ai ban buga ba." Ta yage takardar gida biyu a gabana, ta miƙo sabuwa. Ta yi mani bayani a hankali. Wanda ke sama shi ne zai cire harajin daga albashin mutane, shi zai kawo shi biro kowane wata, kuma in an samu matsala shi za a kira. "Kin so ki girmama tsoho, kin kusa jawo mashi sammaci bai san hawa ba. Ki tahi ki zo da katin kowa, ki sa kanki inda kike."

Ranar Talata na sami Baffa a bakin kasuwa, suna ƙarasa wani shago. Yana bisa katako yana shafe. Na durƙusa na gaishe shi, na jira har ya sauko ya wanke hannu. Na gaya masa komai, har kukan da na yi.

Ɗaya daga cikin mutanensa, wani mai barkwanci ɗan wajen Issawane, ya riga shi magana. "Ni dai katina ba ya shiga littahin lanho. Yau su cire a albashi, gobe su zo ƙirga mani awaki."

"Awakin naka biyu?" in ji wani daga cikinsu. "Ɗaya ma gurguwa."

Suka yi dariya. Baffa bai yi ba.

"Wato ni yanzu yaronki ne," ya ce. "Ke za ki biya ni, ki kuma yanke wani abu da hannunki kafin ki ba ni."

"Takarda ce kawai, Baffa."

"Takarda ce kawai ta sa ki kuka a Tasawa?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Shekara nawa ina aiki da ubanki, bai taɓa rubuta ni ƙarƙashinsa ba, kuma ni na goya shi. Da ya faɗi, bai nuna ni ba. Na yi shiru, na ce mara lahiya ne. Yanzu kuma wanga."

Sauran ukun suka sunkuyar da kai. Na san in Baffa bai ba da katinsa ba, babu wanda zai ba da nasa, kuma ba ni da wasu magina. Sai na yi magana, abin da ban taɓa yi ba in ya riga ya yanke hukunci.

Na ce, "Baffa, jiya na sa ka a sama, aka yage. Ba zan iya sake sa ka a sama ba, don ƙarya ce, kuma kai za ta ci. Ba zan kuma sa ka a ƙasa ba sai ka ce in sa. Ga takardar, ban rubuta komi ba. Gobe da sahe ina tasha. In ban gan ka ba, zan je in gaya wa magajin gari ya ba wani aikin. Ba zan nemi wani magini a madadinka ba."

Na aje takardar a kan bulo, na ɗora dutse a kanta, na tafi. A gida Inna ta tambaye ni yadda muka yi, na ce ban sani ba. Ban gaya wa Baba ba.

Laraba na isa tasha tun masu ƙosai suna hura wuta. Mota ta farko ta cika ta tafi, ban shiga ba. Ta biyu tana lodi, na fara shirya kalmomin da zan gaya wa sakatare, sai ga amalanken jaki ta tsaya, Baffa ya sauko daga bayanta. Bai sa kayan aiki ba. Babbar rigarsa ta Juma'a ya sa, da hula. Ya zaro leda daga aljihu ya miƙo mani: takardar, da katuna huɗu.

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga hannu.

"Saurara. A takarda ki hau sama, ki zauna can, Allah ya taimake ki. Amma a wurin gini ba ki gaya mani buhu nawa na siminti ke shiga baro nawa na rairayi."

"Ba zan gaya maka ba, Baffa."

"Kuma ni zan ga wagga mata da ta sa ki kuka."

A bencin nan na ƙarƙashin bedi na cike takardar, yana zaune kusa da ni yana kallon hanya. Na rubuta sunana a babban gurbi. Haruffan sun ɗan karkace, amma sun karantu. Na rubuta nasa a layi na farko.

Madam ta gane ni tun daga ƙofa. Ta gaida Baffa da ladabi, ya amsa a taƙaice, ya ƙi zama. Ta jera katunan, ta ce in karanto mata sunayen ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da abin da ke jikin kati. Na dubi layi na farko. Ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, balle mai shi yana tsaye a kaina. Na buɗe baki, babu abin da ya fito.

Sai Baffa ya matso, ya dafa teburin da hannunsa mai kaushin siminti, ya faɗi sunansa da kansa, da sunan ubansa, da ƙarfi yadda na bayanmu ma suka ji.

"Sana'a?" in ji Madam.

"Magini," ya ce. Ya nuna ni da haɓa. "Wurinta nike aiki."

Na karanto sauran ukun da kaina, muryata ba ta sarƙe ba. Madam ta ɗaga hatimi ta buga. Ranar Alhamis kafin azahar na aje takardar a teburin sakatare, ranar Asabar kuma Baffa ya ja igiya a filin makarantar ya fidda harsashi.