Ruwan Jegon Autarmu

Zamanin mulkin En'e, ina sabuwar shiga aikin jinya a ɗakin shan magani na Faskari, autarmu ta haihu ta koma gida Tafoki wankan jego. Innarmu ke mata wankan. Safe da yamma ta tafasa ruwa ta fyaɗa mata da ganyen tsamiya, ta kwantar da ita kan gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, ta bi ta da kunun kanwa.

Da na je dubiya, na tarar ƙafafun autar tamu sun kumbura. Na danna yatsa, gurbin ya ƙi tashi, numfashi ma sai a zaune. A wurin aiki an koya mana cewa irin wannan kumburi zuciya ce ta gaji, kanwa da zafi kuma ƙara mata nauyi suke.

Na ce, "Inna, a bar kanwar nan, a rage wutar, mu kai ta asibiti."

Ta ce, "Sanyi ne ya shige ta. Ke da na yi wa wankan nan, me ya same ki?"

Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, a banza. Kafin arba'in Allah ya karɓi ran autarmu.

Bayan addu'ar bakwai na iske Inna gaban murhu, tukunyar wankan a kife. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Kwana ya ƙare, na sani. Amma itace ya yi mini ƙaranci, ruwan bai yi zafi yadda ya kamata ba."

Har Inna ta rasu ban gyara mata maganar nan ba.