Gwangwani Mai Lamba Bakwai

Shekarar da na fara koyarwa a wata makarantar sakandare da ke bakin garin Gwandu, ofis ɗaya aka ba mu da wani malamin lissafi ɗan ƙasar Filifin. A shekarun tamanin ne, lokacin da makarantunmu ke cike da malamai baƙi. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, gajere ne mai furfura a gefen kunne, ba shi da yawan magana. Matarsa ta yi shekara biyu tare da shi, zafin bazara ya dinga kayar da ita, ta kwashi yara ta koma gida. Shi kaɗai ya rage a gidan malamai na ƙarshe, wanda ƙofarsa ke kallon gonakin gero.

Ni ɗan gari ne, amma abokan tasowata sun watse. Wasu sun tafi Sakkwato karatu, wasu sun yi aure sun shiga sabgar gona da kasuwa. In an tashi makaranta ba ni da wurin zuwa sai gida.

Wata rana bayan la'asar na kai masa takardun jarrabawa, na tarar da shi a baranda da gwangwanayen madara jere a kan tebur, kowanne da lamba da aka rubuta da jan fenti. Yana ɗaukar ɗaya ya girgiza, ya kifa, ɗan dutsen ado irin wanda mata ke shiryawa a zare ya faɗo ta wata 'yar huda. Sai ya duba launinsa, ya rubuta wani abu a littafi, ya mayar da dutsen ciki.

Na ce, "Malam, wannan kuma wane irin lissafi ne?"

Ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, "Ba lissafi ba. Wasa. Zauna."

A ranar ya koya mini. Ya ce kwaikwayon wani wasan ƙwallo ne da ake bugawa da sanda, sunansa besbol, wanda ya buga yana yaro. Ban taɓa ganinsa ba, har yau kuma ban taɓa gani a fili ba. Kowane gwangwani ɗan wasa ne. In farin dutse ya faɗo, ɗan wasan ya fita. In ja ne, ya buga ƙwallo ya matsa zango ɗaya daga cikin zango huɗu da aka zana a kan kwali. In baƙi ne, ya zagaye duka ya dawo gida da ci, tare da duk wanda ke gabansa. Farare uku suka fito, sai ka ba abokin karawarka wuri.

Gwangwani ashirin da huɗu ne, kowanne da dutse talatin a ciki. Matarsa ce ta zuba su kafin ta tafi, ta bambanta su yadda ta ga dama, ba ta faɗa wa kowa ba. Wani yana da jajaye da yawa, wani kusan duk farare ne. Shi kansa bai sani ba, ya kuma yi mata alkawari ba zai zazzage ya ƙirga ba. Kafin a fara, kowa zai zaɓi tara, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su yadda yake so.

Nan gardamarmu ta samo asali. Cikin wata biyu na tabbatar wa kaina cewa lamba bakwai ne gwanin gwanaye. Sau uku ya fitar mini da baƙin dutse a daidai lokacin da nake bukata. Lamba sha tara kuwa na yanke masa hukuncin rago, ko kyauta aka ba ni ba na so. Na sayi littafi na musamman ina rubuta abin da kowanne ya yi, in na ci wasa sai in ce iya zaɓe ne.

Shi sai ya yi murmushi ya ce, "Sau nawa ka girgiza shi? Arba'in? Arba'in ba ta faɗin komai. Sa'a ce kake kira iyawa."

Na ce, "To me ya sa nake cin ka?"

Ya ce, "Wannan watan. Bari mu ga wata mai zuwa."

Wata mai zuwa ya cinye ni sau shida a jere, da sha tara a cikin 'yan wasansa. Na ce wannan ita ce sa'ar. Ya yi dariya har da tari, ranar ce kaɗai na ga haƙoransa duka.

Kawuna, wanda ke karantar da littattafai a zaurenmu, ya ji labari ya kira ni. Ya ce, "An ce mini kana zuwa gidan baƙon ga kuna caca." Na rantse masa ba a sa ko kwabo. Ya ce, "To mi kaka samu ciki?" Bai hana ni ba, amma daga ranar na daina zancen wasan a gida.

Shekara biyu muka yi a haka. Da yarjejeniyar aikin malamin ta ƙare ba a sabunta ba. Ranar da zai tafi na raka shi tasha, ya miƙo mini kwalin sabulu ɗaure da igiya, gwangwanayen na kaɗawa a ciki. Ya ce sun yi masa nauyi. Ya rubuta mini adireshinsa a bayan littafin wasan. Motar Sakkwato ta cika, ya shiga, ya zauna a tsakiya inda ban iya ganinsa ta taga ba.

A ƙarshen wannan shekarar aka mayar da ni Kalgo. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai sayar da fura, wadda kowa ke kira Inna. Ban san kowa a garin ba. Malaman makarantar yawancinsu daga Birnin Kebbi suke zuwa a babur, ana tashi suke juyawa. Na gwada koya wa biyu daga cikinsu wasan, ɗaya ya yi hamma tun kafin in gama bayani, ɗayan ya ce ai wannan aikin yara ne. Na kai wasan gindin bishiyar da dattawa ke buga dara. Wani daga cikinsu ya girgiza gwangwani ɗaya a kunnensa, ya ajiye, ya ce, "Malam, mu a dara in an ci ka, ka san wanda ya ci ka. Wanga fa, wa za ka ji haushi?"

Sai na koma ina bugawa ni kaɗai. Bayan la'asar in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, in zaɓa wa kaina tara, in zaɓa wa malamin lissafin tara kamar yana nan. Ina ƙoƙarin yi masa adalci, ina ba shi waɗanda na san yana so. In ɓangarensa ya ci, sai in ji kamar in juya in ga fuskarsa. Na rubuta masa wasiƙa sau uku, ina ba shi labarin yadda lamba bakwai ke ci gaba da ƙoƙari. Amsa ɗaya ta zo, gajeriya, da hoton shi da matarsa a gaban wani gida mai rufin kwano. Bayan ita ban ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Cikin shekara uku na cika littafi huɗu a Kalgo. Abin da ya dame ni shi ne, da shafukan suka yi yawa, sai tazarar da ke tsakanin bakwai da sha tara ta dinga raguwa. Na ƙi yarda. Na ce hannuna ne ya canza yadda yake girgizawa.

Wata Asabar da damina, ruwa ya hana ni tafiya Gwandu ganin mahaifiyata. Tun hantsi ake yi, ba alamar ɗaukewa. Na zauna ina kallon kwalin, can na ce alkawarin rashin ƙirgawa ai malamin ne ya yi, ba ni ba. Na aro faranti wurin Inna, na zazzage lamba bakwai ɗaya bayan ɗaya har ya daina ƙara. Farare ashirin da ɗaya, jajaye bakwai, baƙaƙe biyu. Na mayar da su, na zazzage sha tara. Farare ashirin da ɗaya, jajaye bakwai, baƙaƙe biyu.

Na ƙirga sau biyu. Daga nan ban iya tsayawa ba, na zazzage sauran. Akwai bambanci a tsakaninsu, ba duka ne ɗaya ba. Wanda ya fi kowa shi ne lamba huɗu, jajaye goma da baƙaƙe uku, wanda shekara biyar ina sa shi a ƙarshen layi, in ma na ɗauke shi. Da na duba littattafaina sai na ga alamarsa tana nan a rubuce da hannuna, ban dai taɓa tsayawa a kanta ba.

Na so in faɗa wa wani. Na leƙa waje, ba kowa sai awakin Inna da suka raɓe a jikin bango. Na ɗauko takarda na fara rubuta wa malamin cewa ya fi ni gaskiya, amma ba duka ba, tunda akwai gwani a cikinsu, ni ne ban gane shi ba. Na kai rabin shafi na tsaya, don ban san yadda zan gaya masa na buɗe abin da matarsa ta rufe ba. Ban aika ba.

Bayan kwana biyu na gwada bugawa, abin ya ƙi daɗi. Na riga na san cikin kowa. Sai na juye duwatsun duka a ƙwarya na kai wa Inna, na roƙe ta ta zuba mini su a gwangwanayen yadda ta ga dama, kada ta faɗa mini. Ta dube ni ta dubi ƙwaryar.

Ta ce, "Ɗan nan, ba ka da lafiya ne?"

Na ce lafiyata ƙalau.

Ta ce, "To aje nan, in na gama daka."

Ta zuba, ta kawo mini da yamma. Na buga sau biyu ko uku a makon, daga baya na ɗaure kwalin na tura ƙarƙashin gado. A hutun ƙarshen zango na tafi Gwandu, mahaifiyata ta sake tayar da maganar aure, wannan karon ban kawo uzuri ba. Da na dawo Kalgo na nemi gida mai ɗaki biyu kusa da kasuwa, Inna ta sa aka kai mini kayana a amalanke.