Ɗorin Ƙarshe na Malam Ladan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, 2025, da ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Malam Ladan mai ɗori a gidansa da ke Dorayi, bayan jinyar kwana huɗu.

Malam, ni ce Saudat, ma'aikaciyar jinya ta kamfanin robobi a Sharada, wadda kuke kira "Sista sarkin faɗa". Ban musa ba. Shekara goma sha ɗaya ina yi muku tsiya a kan kara da tsumma da man shanu, kuna dariya. Amma gaskiya ɗaya ce: ban taɓa ganin kun taɓa karayar da ƙashi ya huda fata ba. Sai ku sa a tare adaidaita, ku ce, "Wannan ta masu hoto ce, a kai shi asibiti." Leburori nawa kuka ɗora ba ku karɓi ko goro ba? Allah ne ya san adadinsu.

Ƙa'idarku ɗaya ce na tsana: hannun da ya yi ɗori, shi kaɗai ke kwance shi.

Ranar Alhamis inji ya karya wa Idrisu, wani ma'aikacinmu ɗan Jigawa, hannun dama. Kuka ɗaure, kuka ce za ku sassauta masa bayan kwana biyu. Washegari ciwo ya kwantar da ku. Zuwa Litinin yatsun Idrisu sun kumbura, sun fara baƙi, ga wani wari da na sani sarai. Na nuna masa almakashi, na roƙe shi, na zage shi, har kuka na yi. Ya rungume hannunsa ya ce, "Sista, ko za a yanke shi, sai Malam ya zo."

Talata da ƙarfe goma sha ɗaya, rana tsaka, sai ga Idrisu a ƙofar ɗakin magani, hannu a kwance. Karan yana ɗaya hannun, an naɗe tsumman tsaf, irin naɗinku.

Na ce, "Wa ya kwance maka?"

Ya ce, "Malam mana. Yanzu a bakin get. Bai ko amsa gaisuwata ba, hannunsa sanyi ƙalau. Ya ce in zo wurinki, ki kai ni asibiti, kada mu tsaya."

Na ce alhamdu lillahi, ashe jiki ya yi sauƙi. Muna cikin mota, mun kusa asibitin ƙashi, wayata ta yi ƙara. Habiba ce, babbar 'yarku, tana kuka, wai tun tara kuka cika, ana shirin wanka.

Maigadi ya rantse bai ga kowa ba. Ni boko na yi, ba ni da bayani, kuma na daina nema. Abin da na sani, likita ya ce da mun ƙara yini guda, da sai dai yankewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinku Inna Mairama, da Habiba da ƙannenta, da duk ma'aikatan Sharada da Challawa. Ku yafe mini tsiwata, Malam. Allah ya jiƙanku, ya yalwata kabarinku, ya sa Aljanna ce makoma.

Jiya Idrisu ya je gaisuwa Dorayi. Da liman ya ce a yi muku addu'a, hannu biyu ya ɗaga.