Mura Ɗaya Ta Kama Mu

A shekarun da aka kafa rumfar duba lafiyar matafiya a bakin bodar Jibiya, ni da ƙanwata muna taya Inna sayar da abinci a Magama, daidai inda direbobi ke jiran a ɗaga musu shinge. Ƙanwata tana da asma tun tana ƙarama. Hayaƙi kaɗan ya isa ya sa ƙirjinta kuka kamar usur, don haka murhu ya zama nawa. Ni ke hura wuta, ni ke tuƙa tuwo, ita kuwa tana zaune a inuwa da mayafinta fes tana miƙa kwano. In direban Maraɗi ya ce miya ta yi daɗi, ita yake gaya wa.

Cikin ma'aikatan rumfar akwai wani dogo mai magana a hankali, shi ke auna zafin jikin masu ƙetarawa. Ba likita ba ne, amma Inna takan ce masa Likita. Wajenmu yake cin abincin rana. Na lura ba ya son yaji, sai na riƙa ɗibar masa miya kafin in zuba barkono. Wata rana ya leƙo bayan rumfarmu ta abinci ya ce, "Sannu da wuta, Malama." Na daɗe ina juya maganar nan a raina.

Da damina ta kankama, mura ta shigo gari. Ni ta fara kamawa. Kaina kamar zai tsage, hanci na zuba, amma Inna ta ce in sha citta da kanumfari in tashi, tuwo ba ya tuƙa kansa. Na tashi.

Bayan kwana biyu ta kama ƙanwata. Da hantsi tana cikin zuba wa wani miya ludayin ya faɗi. Ta dafa benci, kafaɗunta na ɗagawa, numfashi ya ƙi fita. Abin da take fesawa a baki ta fesa, bai yi ba. Inna ta ƙwala ihu, sai ga Likita a guje. Ya zaunar da ita ya miƙar da bayanta, ya sake fesa mata, ya tsayar da wata mota mai shiga gari, suka nufi asibiti. Ni aka bari da tukwane, ina tari ina kuka, don na tsorata ƙwarai.

Washegari, bayan an sallamo ta, ya zo gida duba ta. Na kawo masa ruwa, na kasa haƙuri na ce, "Likita, ai mura ɗaya ce ta kama mu. Mi ya sa ni ban faɗi ba?"

Ya ce, "In ƙwayar mura ta shiga hanyar numfashi, wurin yakan saki wasu sinadarai cikin jini, kamar aike, su kirawo ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. A jikinki daidai bukata suka zo, suka yi aikinsu. Ita nata ƙirjin ba ya daina kira. Sai su yi ta taruwa har hanyar ta kumbura, majina ta cika ta, iska ta rasa wajen wucewa." Ya yi murmushi. "Ke jikinki mai ƙwari ne. Ki gode wa Allah."

Na gode wa Allah. Amma duk bayanin nan ita yake kallo, ita kuma tana wasa da bakin zanenta. Ina tsaye da kofi a hannu na yi atishawa, ba wanda ya ce mini sannu.

Daga nan kullum sai ya zo. Ya koya mata yadda za ta riƙe numfashi bayan ta fesa magani, ya ce a daina turaren wuta a ɗakinmu, turaren da ni na haɗa da hannuna. Ta warke sarai, bai daina zuwa ba. Nakan ji dariyarsu a zaure ina wanke-wanke. Wani lokaci in ta yi tari sai in tsorata, wani lokaci kuma in ji haushin tarin, don na san zai sa a juyo a dube ta.

Kafin wata daminar iyayensa suka zo neman aurenta. Ni na dafa abincin da aka tarbe su da shi, ni na dafa na biki.

Ranar da za a kai ta Katsina, inda aka mayar da shi aiki, ta kamo hannuna a ɗaki ta ce, "Yaya, tun da aka fara maganar nan ba ki ce mini komi ba."

Na ce, "Lallenki ya kama da kyau."

Ya kama ɗin kuwa. Ta tsaya tana jira ko zan ƙara wani abu, har aka yi ta kiranta daga waje. Ban shiga motar 'yan rakiya ba. Na ce Inna ba za ta iya aikin gobe ita kaɗai ba, kowa kuma ya yarda.